Gajeriyar Ƙusa

Ƙyas!

Alhaji Abubakar na Maruda ya dubi bindigar da ke hannunsa kamar ta zage shi. Ya sake ɗana ta da sauri, ya ja kunama. Ƙyas! Ba wuta, ba hayaƙi. Ruwan magariba na sauka kamar da bakin ƙwarya, ga mutum biyu sun diro masa ta katanga, fuskokinsu naɗe da rawani.

"Alhaji, aje ta," in ji gajeren cikinsu, yana dariya. "Tsohuwa ta, ba ta da haƙora."

"Ku su wa na? Mi kuka biɗa?"

"Baƙi na. Ina ɗakin kaya?"

Alhaji bai ajiye ba. Ya sake ɗaga ta — dogon bai jira ba. Daram! A daidai lokacin aka kwaɗa tsawa, ta haɗiye ƙarar. Maƙwabta suka ce kai, yau aradu ta faɗi kusa.

"Dogo, ka cika gaggawa!"

"Oga, ai dokarka ta. Wanda yan nuna muna bakin bindiga ba shi kwana."

"Tau, kwashe! Maza!"

Kafin ruwa ya tsagaita sun fice. Matan gidan suka fito suka tarar da mai gida kwance cikin taɓo, rungume da bindigar da ya sayo don ya tsare su.

* * *

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ke nan. Jama'a na ta murnar sabuwar jiha, su kuwa masu ɗan abin hannu tun daga Gwandu har Kalgo, da sun ga gabas ta yi baƙi sai barci ya gagare su. 'Yan Hadari ake ce wa mutanen nan, don ba su aiki sai da ruwa. Ruwa ya kora kowa ɗaka, tsawa ta rufe ƙara, da gari ya waye kuma babu sawu. Mamman Gajere ne oga. Umaru Dogo shi ke harbi. Sai Laraba mai daddawa, wadda ba ta taɓa riƙe ko wuƙa ba, aikinta kallo ne.

Na huɗunsu ba ya zuwa ko'ina. Yana nan zaune a maƙerarsa cikin Gwandu, ga furfura, ga tabon salla, kowa na ce masa Malam Ɗahiru. Garma yake ƙerawa da lauje da ƙyauren ƙarfe, a ɗakin baya kuma bindigogi. Da fari gyara ɗaya Mamman ya kawo masa, ya biya shi fiye da ƙima. Ɗahiru ya karɓa bai tambaya ba. To, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Dabarar ba ta da wuya. Duk wanda ya zo sayen bindigar tsaron gida, ya faɗa da bakinsa cewa akwai abin tsarewa a gidan. Ɗahiru zai sayar masa, a gwada a gabansa, ta tashi lafiya lau. Sai ya shiga da ita ciki wai zai shafa mata mai. A nan yake zare ƙusar da ke dukan gindin harsashi, ya sa wata gajeriya wadda ba ta kaiwa. Laraba kuma ta bi mai saye har ta ga ƙofar da bindigar ta shiga. Shi ke nan.

Da labarin Maruda ya iso, Ɗahiru ya kasa cin tuwo. Ya ce wa kansa shi ƙarfe kawai yake bugawa, ba shi ya harba ba. Ya faɗa ya sake faɗa, amma zuciya ba ta karɓa ba. Ya tuna Alhajin har addu'a ya yi masa ranar da ya karɓi bindigar.

* * *

Ran kasuwa da hantsi wani saurayi ya yi sallama, da 'yar jakarsa da alƙalami a aljihu. Ya ce sunansa Lukuman, malamin makaranta ne a Diggi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya rage murya.

"Malam, ƙarhen tsaron gida nika so."

"Ka taɓa riƙewa?"

"Ko danƙon harbin tsuntsu ban iya ba."

"Gara da kaf faɗi gaskiya. Shigo."

A ɗakin baya Ɗahiru ya shimfiɗa tabarma ya jera guda uku. Lukuman ya tsuguna nesa da su kamar wanda aka nuna wa macizai.

"Wagga ita ta harba-ruga," in ji Ɗahiru, ya taɓa wata doguwa mai tsohon kota. "Albarushi aka ɗura mata ta baki. Ta fi arha. In biri na ɓarna ga gona ko gyado, aladen dajin nan, ta ishe ka. Amma sunanta bai yi ƙarya ba: harbi guda, sai ka ruga. Kuma mutanen da kaka tsoro da ruwa suka zuwa. Albarushi in ya sha sanyi, gara ka riƙe taɓarya."

"Tau, wagga 'yar ƙaramar hwa? Ta fi daɗin ɓoyo."

"Ka ji ka! Wanda ka tsaron gida nai mi shika ɓoyewa? Wagga ta masu yawon neman hitina ta. Ba ta da saiti, kuma in hukuma ta gan ka da ita ba ka da bakin magana. Hita batunta."

Ya ɗauko ta ukun, mai baki ɗaya, ya karya ta a tsakiya ya nuna masa inda harsashi ke shiga.

"Ga ta mai gida. Ruwa bai dame ta ba. Ɗauka ka ji."

Lukuman ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jaririn mutane.

"Ba haka ba! Baki ƙasa! Ba a nuna ma mutum baki ko da babu kome ciki. Kota ga kahwaɗa, matse ta, in ba haka ba ta ture ka. Gidan akwai mata?"

"Akwai guda."

"Tau ka ji. Harsashin ga watsuwa shika yi. Kak ka kuskura ka harba wajen ɗakin da mutum shike. Ka tsaya bayanka na ga ɗakinta, bakin na kallon katanga. Ka rataye ta sama inda hannun yara bai kai, harsashi kuma daban. Ka je ka yi mata lasin."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ne ke cin sa. Ya iya sana'arsa, yana son mai saye ya fita da abin da ya dace da shi. Yana magana yana jin kamar mai yi wa rago kitso ran jajibirin layya.

"Shi dai cewa yay yi a samo mai sauƙin—" Lukuman ya datse harshe.

"Shi wa?"

"A'a, ni. Ni nika nuhi."

Ɗahiru bai bi ta kai ba. Masu saye da yawa kan yi irin wannan kame-kamen. Suka zaga kwarin bayan gari, aka jingina wani tsohon kwano. Lukuman ya runtse ido ya ja. Daram! Kwanon ya zama rariya, malamin makaranta ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana salati.

Suka daidaita. Ɗahiru ya shiga da ita ciki. Hannunsa ya ɗan tsaya a kan gwangwanin ƙusoshi. Ya leƙa ta taga, ya hango Laraba gindin darbejiya da tallar daddawarta, ta zuba wa ƙofarsa ido. Ya zare doguwa, ya sa gajeriya. Ya naɗe bindigar cikin sabuwar tabarma ya miƙa.

"Allah shi tsare," in ji shi, bai ɗaga kai ba.

Da Lukuman ya shiga motar Birnin Kebbi, wata mata mai ƙwaryar daddawa ta roƙi a matsa mata.

* * *

Bayan kwana biyu suka haɗu da la'asar cikin gonar rake, can ƙasan fadama. Mamman na shan rake yana tofar da tuƙa. Dogo na kwance, ya rufe fuska da hula.

"Laraba, ba mu labari."

"Oga, wanga karon kitse na. Malamin bai kai ta Diggi ba. Kalgo yas sauka, yak kai ta gidan wani mai injin shinkahwa. Ɗan aike na ashe. Buhuna har rufi, kuma an ce bai aje kuɗɗi banki."

"Gidan ƙaƙa shike?"

"Bakin hanyar gulbi. Katanga ba ta da tsawo ta baya. Ƙyauren ƙarhe kore, da zanen kibiya ukku."

Ɗahiru ya daina jan tasbaha.

"Har ciki na shiga," Laraba ta ci gaba. "Matar gidan ta sayi daddawa, ta ba ni ruwa. 'Yar kirki wallahi, mai wushirya. Da tabon ƙuna nan ga bayan hannunta na hagu."

Ƙasa ta juya da Ɗahiru. Kibiya ukun nan shi ya zana su da hannunsa. Shi ya ƙera ƙyauren, ya ɗora a mota aka tafi da shi cikin kayan gara, shi kuwa bai taɓa taka garin da sunan zuwa gidan ba. Tabon kuma a maƙerarsa aka samo shi, ranar da wata mai rarrafe ta damƙi ƙarfen da bai huce ba. 'Yarsa ce ta fari, Salamatu, matar Abdulgani mai injin shinkafa.

Uwar Ɗahiru Bafulatana ce, wajenta ya gaji alkunya mai tsanani. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" yake ce mata, in ba ta nan kuma "yarinyar nan". Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, alhali duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta.

"Gidan ga a bar shi," ya ce.

Mamman ya daina tauna. "Don mi?"

"Akwai tawa ciki."

"Taka wa?"

"Yarinyar nan... ta wajena."

Dogo ya ɗaga hula, ya tuntsire da dariya. "Kai! Tsoho ya saida ma surukinai tsohuwa maras haƙora!"

"Tau mi na na abin tashin hankali?" in ji Mamman. "Ba mai taɓa ɗiyarka. Kaya muka so. Bindiga ba ta tashi, mu shiga mu hito."

"Ta Maruda ma ba ta tashi ba."

"Wancan shi yaj ja ma kainai."

"Shi ma wanga ɗagawa za shi yi! Yana ganin yana da makami! Mamman, don Allah—"

"Malam." Mamman ya nuna shi da guntun rake. "Harka ba ta san suruki ba. Hadarin da duk yah haɗu, muna Kalgo. In kuwa magana ta hita, ka san mu huɗu na munka ji ta."

Ɗahiru ya koma gida yana haɗa hanya. Sai yanzu ya gane abin da ya daɗe yana sayarwa. Wanda ba shi da bindiga, in an diro masa sai ya kwanta, a kwashe a bar shi da ransa. Wanda ya saya wajensa shi ne ke miƙewa tsaye.

* * *

Washegari da sassafe ya sa doguwar ƙusa a aljihu ya hau mota. Duk hanya idonsa na gabas.

Da yaran unguwa suka ce wa Abdulgani ga wani dattijo daga Gwandu a zaure, ya fito da gudu ba ko takalmi. Yana ganin ko wane ne ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai. Uban mace a gidan 'yarsa ta fari, ba aike, ba sanarwa? Sai dai mutuwa.

"Baba, lahiya? Wa yar rasu?"

"Ba kowa. Ƙarhen da abokinka yas saya, ɗauko shi."

Abdulgani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, a gahwarce ni. Tun abin da anka yi Maruda ban barci. Na so in zo da kaina, sai niy ji nauyi. Ƙaƙa zan tsaya gabanka ina taya kaya? Kuma na san ba ka karɓar kuɗɗina. Kuma kak ka ce na kasa riƙon amanar da kab ba ni. Shi na nis sa Lukuman, nic ce kas shi hwaɗi sunana."

Ɗahiru ya rufe ido. Da yaron nan ya yi rashin kunya ya zo da kansa, da ya fita da bindigar da ta fi kowace kyau a Gwandu. Ladabinsa ne ya kusa kashe shi.

"Ɗauko dai. Na tuna akwai abin da ban ƙarasa ba."

Aka kawo. Ya juya baya, ya kwance, ya zare gajeriya ya mayar da doguwa. Ya sa suka fita bayan gida Abdulgani ya harba a kututturen giginya. Daram! Tsuntsaye suka watse.

"Yanzu saurara. In ka ga hadari ya haɗu da marece, aika abokinka wajen 'yan sanda, shi ce an ga baƙin ido na zagaya gidan ga. Ita ta shiga ɗaka ta sa sakata. Kai ka tsaya bayanka na ga ɗakinta. Ta katangar baya za su zo."

"Baba, ƙaƙa anka yi kas san—"

"Maƙeri na jin magana. Kuma wanda duk yaf fara dirowa, kak ka tambaye shi ko wa na. Kak ka jira shi yi magana. Harba."

"In sha Allahu."

"Ba in sha Allahu kurum ba. Rantse."

Abdulgani ya rantse, yana mamaki.

Aka turo ƙwaryar fura daga cikin gida. Sai ga murya daga bayan ƙyaure, ƙasa-ƙasa, tana rawa don murna.

"Baba, sannu da zuwa. Ba ka shigowa ka ga wuri?"

Ya ga gefen zanenta, da hannun nan mai tabo riƙe da bakin ƙyaure. Sunan ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi.

"Ke, kuna lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Madalla. Ana jirana."

Ko furar bai sha ba. Da ya fita bai lura da mai daddawar da ke zaune bakin masallacin unguwar ba. Ita kuwa ta gan shi, ta kuma ji ƙarar da aka yi a bayan gida.

* * *

Washegari da marece gabas ta haɗe. Iska ta fara kwasar ledoji da kara. A Kalgo, Lukuman ya faɗa ofishin 'yan sanda yana haki.

"Sajan! Yau na! An ce in hadari ya taso—"

Sajan Adamu ya riga ya ji bayaninsa tun jiya. Ya daɗe yana bin sawun da ruwa ke wankewa, ya gaji da zuwa ɗaukar gawa.

"Kofur, tara yara! Ba mota, ba fitila. Rumfar injin shinkahwa za mu laɓe. Ba mai motsi sai mun ji harbi, in ba haka ba su sulale su dawo wata rana."

A Gwandu kuwa Ɗahiru na rufe maƙera sai ga wata tsohuwar Fijo ta tsaya. Dogo ya leƙo.

"Malam, shigo. Oga na gaisuwa."

Ya shiga. Mota ta ɗauki hanya, ɗigon fari na dukan gilashi. Sai da suka wuce Birnin Kebbi sannan Mamman ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"An ce ka je ganin ɗiya."

"Na je."

"An ce an yi harbi."

"Harba-ruga ta, ta maƙwabcinsu. Wadda nis saida ba ta tashi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Madalla." Mamman ya jefo masa rawani a cinya. "Tunda ba ta tashi, kai za ka hwara dira. In ta yi ƙyas, mu biyo ka. In kuwa kab buɗe baki ka kira wani, Dogo na bayanka. Shi gama da kai, sannan mu shiga mu gama da kowa. Har ita."

Ɗahiru ya dubi rawanin. Ya tuna Alhajin Maruda da addu'ar da ya yi masa. Ya ɗauka ya fara naɗawa, a hankali, kamar mai shirin zuwa Idi.

* * *

Ruwa ya kece. Ana kiran magariba, iska na yaga muryar ladan. Suka bar mota bakin gulbi, suka bi ta cikin gero har gindin katanga.

A ciki Abdulgani na tsaye, bayansa jingine da ƙofar ɗakin matarsa, kota a kafaɗa. Ruwa na shiga masa ido.

"Abdul, suna nan?" in ji Salamatu daga ciki.

"Yi shiru! Kak ki hito ko mi kika ji!"

A waje Dogo ya durƙusa ya ba da baya. "Hau, tsoho."

Ɗahiru ya taka, ya kama kan katanga, ya ɗaga jiki. Aka yi walƙiya — ya ga yaron tsaye daidai inda ya ce masa, baki na kallon katanga. Yaron ya riƙe bindigar daidai. Kalma biyu kawai zai faɗa, "Ni ne," yaron ya sauke bindiga. Amma in ya faɗa, Dogo ne zai diro.

Ya datse haƙora. Ya saki katanga.

Daram!

Wannan karon tsawa ba ta rufe komai ba.

"Ta tashi!" Dogo ya yi ihu. "Tsohon ya ci amana! Oga, ware!"

"Kowa shi tsaya! 'Yan sanda!"

Fitilu suka haske geron ta ko'ina. Dogo ya juya ya harba — tau! tau! — aka mayar masa, ya faɗi riƙe da cinya yana zagi. Mamman ya yar da bindiga ya ruga wajen gulbi. Taɓo ya riƙe masa ƙafa har gwiwa. Kofur ya cim masa ya danne.

"Oga, ina za ka? Ai ruwan bai ɗauke ba!"

A tsakar gida Abdulgani ya jefa sabon harsashi, ya matso. Mutumin na kwance rigingine, ruwa na wanke jini daga ƙirjinsa. Babu makami a hannunsa. Ya sa bakin bindiga ya ture rawanin.

Furfura. Tabon salla.

"Innalillahi... Baba! Baba!"

"Ka yi daidai," in ji Ɗahiru da ƙyar. "Haka nic ce ma."

Sajan Adamu ya shigo, ya tsuguna. Ɗahiru ya kama hannun rigarsa.

"Sajan... duk wanda yas sayi ƙarhe gare ni... a gaya mai ba ta tashi. Ni na. Ni nib ba su gidaje."

Sannan ya juya kai wajen ƙofar da ke rufe. Ya tattara abin da ya rage masa.

"Salamatu!"

Sakata ba ta motsa ba.

"Salamatu!"

A cikin ɗaki ta ji. Ta dafe sakata. Ruwa na dukan kwano, ba ta ji kukan mijinta ba, sunanta kawai ta ji. Muryar ta yi kama da wadda ta sani, amma mai wannan murya bai taɓa kiranta haka ba. Ta ce a ranta dabarar ɓarayi ce, sun samo sunanta don ta buɗe. Ta toshe baki da gyale, ta ƙi amsawa.

Sai da Abdulgani ya zo ya dinga dukan ƙofar da hannu biyu sannan ta zare sakata. Kafin ta isa inda yake, ya cika.

* * *

An kama Laraba a tasha da ƙwaryarta, ta tafi gidan yari. Mamman Gajere da Umaru Dogo kotun fashi ta yanke musu hukunci, aka ɗaure su jikin durom aka harbe, jama'a na kallo. Dogo har lokacin yana zagin tsoho.

Sajan ya sa aka yi shela a kasuwanni: duk wanda ya sayi bindiga wajen Ɗahiru Maƙeri ya kawo ta. Suka yi ta zuwa, daga Gwandu, daga Wurogauri, daga ƙauyukan da ba a zata ba, dattawa da tabarmi a hammata. Aka jera su a fili, kowa ya ɗaga tasa sama ya ja. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Wani tsoho ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, ya ce shi fa tun bara da wannan yake barci.

Jana'izar ba ta yi jama'a ba. Wasu suka ce uba ne, ya fanshi 'yarsa da ransa. Iyalan Alhaji Abubakar na Maruda suka ce su ma suna da uba.

Hukuma ta wanke Abdulgani, shi ne dai bai wanke kansa ba. Ya kai bindigar ofis ya ajiye, bai sake waiwayarta ba. Ya sa aka cire ƙyauren nan mai kibiya uku, Salamatu ta ce a mayar. In mata sun zo ba ta haƙuri, sukan ce ta yafe wa mijinta, bai sani ba. Takan ce ita ba ta riƙe shi da komai ba. Su ce to ta yafe wa mahaifinta. Sai ta shafa tabon da ke hannunta.

"Ni ba wannan ka damuna ba," takan ce. "Tunda anka haihe ni nika jiran in ji sunana ga bakinai. Ya kira har sau biyu, ina tsaye bayan ƙohwa, ban amsa ba."